Me Ya Sa Layukan Zanena Suke Dushewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana gajerun labarai cikin hotuna ina sakawa a intanet, amma da zarar na ƙara girman hoto sai layukan su dushe. Wace manhaja ce za ta raba ni da wannan matsala? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Manhajar da kike amfani da ita tana ajiye zane ne a matsayin ɗigo-ɗigo, shi ya sa ɗigon yake fitowa fili idan an faɗaɗa. Manhajar zanen bekta kuwa lissafin lanƙwasar kowane layi take riƙewa, don haka komai girman da kika ba fuskar jarumarki, gashin idonta zai fito tsaf.

Ina ba ki shawarar manhajar zanen bekta mai suna Inkscape, wadda ta fito a 2003, kyauta ce, kuma tana ajiye aiki a tsarin SVG, wato nau'in fayil na zanen bekta. Ki zana fuskar sau ɗaya, sannan a kowane akwatin hoto na labarin ki kwafe ta ki sauya gira da baki kawai. Ki tabbatar salon rubutun da kika zaɓa yana da ɓ, ɗ da ƙ, domin da yawa ba su da su. Kafin ki ɗora a Facebook, ki fitar da shafin a PNG, wato nau'in fayil na hoto.