Tambaya da Amsa: Me ya hana gwanayen ƙungiyoyin besbol tara kofuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa ƙungiyar besbol ta Atlanta Braves a Amurka ta yi shekara da shekaru tana jan ragamar rukuninta, amma a tsawon wannan lokacin sau ɗaya tak ta ɗauki kofin World Series, wato zagayen ƙarshe da ke fitar da zakaran shekara. Tsoro ne ke kama 'yan wasan idan an zo ƙarshe, ko kuwa akwai wani dalili? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta haka yake. Daga 1991 zuwa 2005 Braves ta zo ta ɗaya a rukuninta sau 14 a jere, ban da 1994 da ba a kammala kakar ba. Sau biyar ta kai World Series, ta 1995 kaɗai ta ci. Mu dai ba mu yarda da batun tsoro ba. Tsarin gasar ne babban dalili.

Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kuma gwanar gwanaye ma da ƙyar take wuce nasara shida cikin goma. A doguwar tafiya irin wannan mai ƙarfi sai ya fito fili. Da an shiga matakin sili-ɗaya-ƙwale kuwa, a wancan zamanin, daga 1995, sai an tsallake zagaye uku: na farko wanda ya riga cin wasa uku cikin biyar, biyun baya huɗu cikin bakwai. Yi lissafin da kanka. Ƙungiyar da ke da damar kashi 55 cikin 100 a kowane wasa, damarta a zagayen wasa biyar kashi 59 ce, a na bakwai kashi 61. Ka haɗa ukun, sai ta sauko kusan kashi 22. Wato ko ta fi duk wadda ta kara da ita, sau ɗaya cikin biyar ake sa ran ta ɗaga kofin.

Sai batun masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, kuma nan ne abin ya fi ba mu takaici. A cikin kaka masu jifa biyar ne ke karɓa-karɓar buɗe wasa, kuma Braves ta fi kowa a nan, da Greg Maddux da Tom Glavine da John Smoltz. A wasannin ƙarshe akwai ranakun hutu, don haka abokiyar hamayya tana iya dogara da mutum uku ko huɗu, ta ɓoye raunanan. Gwani ɗaya da hannunsa ya faɗa ya isa ya rushe aikin wata shida. A wasa na bakwai na World Series ɗin 1991, Jack Morris na Minnesota Twins ya yi wa Braves jifa zango goma cur (a kowane zango kowace ƙungiya kan yi bugu, ta kuma yi jifa) ba a ci shi ko maki ɗaya ba. A zango na takwas Terry Pendleton na Braves ya yi bugun da ya isa kai abokin wasansa Lonnie Smith gida, inda ake cin maki bayan zagaya tashoshi uku, amma Smith ya yi turus a tasha ta biyu yana neman inda ƙwallo ta nufa, ya tsaya a ta uku. Aka tashi ɗaya mai ban haushi.

Inda laifin ƙungiyar yake shi ne masu jifan da ke karɓa a ƙarshen wasa. A World Series na 1996 ta ci wasa biyun farko a gidan New York Yankees, a na huɗu kuma ta yi gaba da 6-0. Aka rage zuwa 6-3. A zango na takwas Mark Wohlers na Braves, wanda ƙarfinsa jifa mai tsananin gudu ne, ya saki mai lanƙwasa wadda ba ta lanƙwasa sosai ba, Jim Leyritz na Yankees ya buga ta ta fice daga fili, maki uku nan take. Yankees ta ci 8-6, ta kuma cinye wasa biyun da suka biyo baya.

Tambaya: To kafin a yawaita zagayen fa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, kafin 1969 zakaran kowane lig, wato manyan ɓangarori biyu na gasar, kai tsaye yake zuwa World Series, duk da haka wasu sun sha irin wannan. Brooklyn Dodgers ta su Jackie Robinson da Duke Snider ta je sau shida tsakanin 1947 da 1956, duka shidan da Yankees ta haɗu, ta 1955 kawai ta ci. Gaba da gabanta ke nan. Baltimore Orioles kuwa ta ci wasa 318 daga 1969 zuwa 1971, kofi ɗaya ta samu, na 1970. A 1971 tana da masu jifa huɗu da kowannensu ya yi nasara 20 ko fiye, amma Steve Blass na Pittsburgh Pirates ya riƙe ta 2-1 a wasa na bakwai.

Wasu kuma kuɗi ne ya karya su. Montreal Expos ta Kanada ce ta fi kowa a 1994, da nasara 74 cikin wasa 114, sai 'yan wasa suka shiga yajin aiki ranar 12 ga Agusta, aka soke World Series ɗin shekarar. Kafin a buɗe kakar 1995 masu ƙungiyar, don rage albashi, sun rabu da Ken Hill da John Wetteland da Marquis Grissom, Larry Walker kuma ya koma Colorado. Ba ta sake kai wa wasannin ƙarshe ba har aka mayar da ita Washington a 2005.