Tambayi Likita: Ƙofar fitsarin ɗana na ƙasan gabansa, gado ne?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Guwangzu, maiɗakina 'yar ƙasar Sin ce. Mun samu ɗa namiji, amma ƙofar fitsarinsa ba ta kan gaba, tana can ƙasa. Likitocin nan sun ce a gwada jininsa. Daga dangin uwarsa ya ɗauko?

Amsa: Allah ya raya, Alhaji. Kada ka yi saurin ɗora wa maiɗakinka. Abin yana faruwa ne tun yaro na ciki, tsakanin mako na 8 da na 14, lokacin da bututun fitsari ke haɗewa daga tushe zuwa kai kamar tela na bin ɗinki. In ɗinkin ya tsaya a hanya, nan ƙofar za ta zauna. Sinadarin mazantaka ne ke tafiyar da aikin, ƙwayar gado mai suna SRD5A2 kuma ita ke ƙara masa ƙarfi. A yaran Sin, musamman na kudu inda kake zaune, sauyin da aka fi gani a wannan ƙwaya shi ne R227Q. Sai dai ba ta yin illa sosai sai yaro ya gaji mai lahani daga uwa da uba duka, ka ga kai ma kana cikin lissafi. Akwai wasu ƙwayoyin gadon, irin su AR da MAMLD1, da namiji ke samu daga uwa kaɗai. Yawancin yara kuma gwaji ba ya nuna komai. An kuma fi ganin abin ga bakwaini da yaran da aka haifa da ƙarancin nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne kaciya. Ko kun zo gida suna ko hutu, kada wanzami ya taɓa shi, don da wannan fatar likita kan yi gyara. Ana yin aikin tsakanin wata 6 da 18.

Tambaya: Ni ɗalibar jinya ce. Me ya sa nake ta ganin binciken wannan larura daga Sin? Tasu ce?

Amsa: A'a, ko'ina ana haihuwar irin yaran nan. Su dai suna ƙirgawa ne: tun 1986 asibitocinsu ke tattara bayanan nakasar haihuwa, cibiyar tana Chengdu. Sauyin ƙwayar ne kan bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Mu namu abin lura auren zumunci ne, da ke sauƙaƙa haɗuwar ƙwaya mai lahani daga ɓangare biyu.

Tambaya: Jaririna wata 4, maraininsa ɗaya bai sauko ba. Kakarsa ta ce mu jira ya yi wayo.

Amsa: Hajiya, a gaishe da kaka, amma jiran iyakarsa wata 6. In bai sauko ba, ku ga likitan tiyatar yara, a saukar da shi kafin ya wuce wata 18. In marainin ya zauna a ciki, zafin cikin jiki na lalata ƙwayoyin haihuwa.