Amsa: VCV Rack ko Ableton, da wanne zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka saba da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, yanzu kana son koyon haɗa sauti da kanka ta hanyar jona wayoyi, kuma ka riƙa kiɗa a gaban jama'a. To, buƙata biyu ce ka haɗa a tambaya ɗaya.

Wajen koyo, sauke manhajar VCV Rack. Kyauta ce, tun 2017 take, kuma kwaikwayon injinan Eurorack take yi, wato ƙananan akwatunan haɗa sauti da ake jona su da wayoyi. Kada tarin akwatunan da ke ciki ya ruɗe ka, huɗu sun ishe ka wata guda: VCO mai fitar da sauti, VCF mai tace shi, VCA mai buɗe masa ƙofa, sai ADSR da ke tsara yadda zai tashi ya sauka. Ranar da na fara, na jona VCO kai tsaye da lasifika, ƙara ta yi ta zuba ba tsayawa har maƙwabci ya leƙo ta katanga. Nan na gane amfanin VCA.

VCV Rack ta kyautar ba ta aiki a cikin FL Studio, sai ka sayi ta kuɗin mai suna Pro, ko ka ɗauki manhajar Cardinal wadda aka gina a kan VCV Rack.

Kan dandamali kuwa, manhajar Ableton Live ta fi min kwanciyar hankali, don gutsattsarin kiɗan suna jere, ka taɓa wanda kake so ya shigo daidai bugu. Amma fa VCV akwai cin ƙarfin kwamfuta. In Windows gare ka, yi amfani da ASIO, wato direban da ke rage jinkirin fitar sauti, ka sa bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) a 256. In ka ji ƙaras-ƙaras, ɗaga ta zuwa 512, kuma ka bar cajar kwamfutar a jone.