Fetur ko dizal, wanne zan sa wa jirgina?

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan ƙaramin jirgin ruwa ina so in sa masa inji, wasu sun ce fetur bam ne a kan ruwa, wasu kuma sun ce dizal ba komai sai nauyi da tsada. Wanne ya fi? Kuma injin tsohuwar mota zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba ka faɗa min inda injin zai zauna ba, kuma nan maganar take. In a cikin jirgi ne, ƙasan katako inda iska ba ta ratsawa, to dizal kawai. Shi fetur ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili tiririnsa na kama wuta, kuma tiririn ya fi iska nauyi, a mota sai ya sauka titi iska ta kwashe amma cikin jirgi kamar kwano ne, taruwa yake yi a ƙasa yana jiran tartsatsi ɗaya daga batir ko sitata. Dizal kuwa sai ya haura digiri 50 kafin ya yi haka, ba shi da filogi ma, matse iska yake yi man ya kama. Shi ya sa a Amurka ake cewa mai injin fetur na ciki ya kunna fankar fitar da iska aƙalla minti 4 kafin ya tada inji.

In kuma irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi ne, su Yamaha da Suzuki da Tohatsu, yawancinsu fetur ne kuma ba laifi tunda a sarari suke, ga rashin nauyi, ƙaramin jirgi ma ba lallai ya ɗauki dizal ba. Sai dai ka sauke tanki ka cika shi a tudu, ka riƙa duba tiyo, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannunka, kar ka rataye ta ado.

Injin mota kam a'a, don Allah. Sitata da kafiretan na jirgi daban ake ƙera su don kar su yi tartsatsi ko yoyo.

Dizal ɗin ma yana ci da wuta fa, kuma ba ya shiri da ruwa a tanki, sai kana tsakiyar tafiya ya mutu. Ka sa filta mai tace ruwa, ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa, wutar mai ba a watsa mata ruwa.