Amsar tambayar Anti kan ƙyanda da shekaru

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Anti kin tambaya wai tunda ƙyanda ta shigo unguwarku ko a kai Hajiya allura, to gaskiya ba Hajiya ce abin ji ba. Ita ƙyanda in mutum ya yi ta sau ɗaya shikenan ba ta sake kama shi, kuma su Hajiya da suka haura saba'in lokacin da aka haife su babu ma allurar, sai 1963 aka fara ta a Amurka, a da kusan kowane yaro sai baƙon dauro ya sauka a jikinsa, shi ya sa can Amurkan wanda aka haifa kafin 1957 ana ɗauka yana da kariya kawai.

Ni jaririn amarya ne a raina wallahi, wata biyar fa. Kariyar da ya samo tun a ciki raguwa take yi cikin 'yan watanni, allurar kuma sai wata 9, to tsakanin nan ne hatsarin. Don Allah a daina yawo da shi gidan suna da biki ana miƙa shi hannu hannu, cutar nan a iska take, mai ita zai fita daga ɗaki ta zauna har awa biyu. Idan ya cika wata shida ku tambaya a asibiti, lokacin annoba akan yi da wuri, amma duk da haka sai an yi ta wata 9 ɗin. Sannan akwai ta biyu a wata 15 wadda iyaye ke mantawa, ta farkon kusan yara 85 cikin 100 take ba wa kariya, ta biyun ce ke kwaso sauran.

Ku kuma 'yan ashirin da talatin da ba ku da kati, kar ku dogara da wai Inna ta ce na yi, ba duk ƙuraje ne ƙyanda ba. Ku je a yi muku, ƙari ba ya cutarwa, sai dai mai juna biyu ita ba a yi mata.

In kun ga zazzaɓi da jan ido da tari da majina, ƙuraje sun faso daga bayan kunne zuwa fuska, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai yaron asibiti a ba shi bitamin A. Anti ki duba min katin yaran yau da daddare ki turo hoto.