Amsa: Wa zan rubuta wa, kuma da wane salo?

Ƙanwata, kin ce malaminku ya ba ku aikin rubutun fafutuka kan matsalar shara a unguwa, kina tambaya ko maƙala za ki rubuta ko wasiƙa. Fara gano wanda wuƙa da nama ke hannunsa, shi zai nuna miki salon.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Abuja, inda kike zaune, ba ta da majalisar dokokin jiha. Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, ga kuma ƙananan hukumomi 6. Idan kwashe shara kike nema, takardar koke ga shugaban ƙaramar hukuma, ko ga Hukumar Kare Muhalli ta Abuja in a cikin birni kike, ta wadatar: shafi ɗaya, sunan layi, hoto mai kwanan wata, buƙata guda tak. In kika jera buƙatu biyar, mai sauƙin za su ɗauka su bar sauran. Idan alƙaluma kike so, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Mazauna unguwa kuwa, gajeren saƙon murya a WhatsApp da Hausa ya fi maƙala tasiri. Ni dai zan ce ki miƙa koken, ki haɗa da sakin layin da ke bayyana wa malam dalilin zaɓinki.