Na sayi mai tsada, amma an ce 'yata ba ta da jini

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara huɗu. Kusan shekara guda ke nan ina saya mata garin gwangwani na karin kumallo, wanda aka rubuta a jikinsa yana da sinadarin ayon mai ƙara jini da bitamin iri-iri. Ina dama mata ta sha tare da shayi da burodi. Makon jiya aka auna ta a asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa. Surukata ta ce in koma wa koko da zogale. Shin ƙarya ake rubutawa a jikin gwangwanin? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya. Ba lalle ne ƙarya aka rubuta ba. Rubutun jikin gwangwani yana gaya miki abin da aka zuba a ciki ne, amma abin da hanjin yarinyarki zai iya tsotsa ya kai cikin jini, wannan lissafi ne daban. Da na karanta wasiƙarki, inda idona ya tsaya shi ne wajen shayin nan.

Ayon iri biyu ne. Akwai na nama da hanta da kifi, wanda jiki ke karɓar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari. Akwai na hatsi da wake da ganye, da irin wanda masana'antu ke ƙarawa a gari, shi kuwa jiki bai cika karɓar fiye da kashi 2 zuwa 20 ba, kuma ya danganta da abin da aka haɗa shi da shi. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke damƙe wannan nau'i na biyu tun a cikin ciki, har yakan rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi. Kin ga ke nan kina biyan kuɗin ayon, shayi yana hana shi shiga. Ki raba su da aƙalla awa ɗaya. Ni dai da za ki bi tawa, ƙaramar yarinya irin wannan ma ba ta buƙatar shayi.

Maganar surukarki kuma tana da tushe. Gero da dawa da wake suna ɗauke da wani abu da ke riƙe ayon da zinki. Amma idan aka jiƙa gero ya kwana, aka niƙa, aka tace, aka bar gasarar ta yi tsami, wani kaso na wannan abu yana lalacewa, sai abincin ya fi sakin amfaninsa. Iyayenmu ba su san sunan sinadarin ba, amma abin da suke yi ke nan duk lokacin da suka haɗa kamu. Kindirmo da nono kuma suna tafe da ƙwayoyin halitta masu amfanar hanji, muddin an tafasa madarar kafin a bar ta ta yi barci, an kuma sayo ta wajen mai tsabta.

Zogalen ma akwai yadda ake ci ya fi amfani. Ki yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da ɗanyen tumatir, ki matsa lemun tsami. Bitamin C da ke cikin tumatir da lemun yana buɗe wa ayon hanya, man gyaɗar kuma yana taimaka wa jiki karɓar bitamin A, domin ba ya shiga sai da maiƙo. Gwaiba ko lemun zaƙi bayan abinci ma haka. Ki rage kanwa a girki, tana lalata wasu bitamin. Ɗan yankan hanta sau ɗaya a mako zai yi mata aikin da cokula da yawa na garin nan ba su yi ba.

Ban ce ki daina duba rubutun ba. Ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa, sannan ki karanta jerin kayan haɗi, domin wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In kika ga sukari a na ɗaya ko na biyu, kin san abin da kike saye.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ki ɗauka abinci kaɗai ne matsalar. Tsutsar ciki tana shan jinin yaro, yawan zawo yana hana hanji aikinsa, zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini. Ki koma asibiti ki nemi a duba waɗannan, a kuma yi mata gwajin jini na sikila idan ba a taɓa yi ba. In sun ba ta maganin ƙarin jini, ki ba ta har ƙarshen kwanakin da suka ɗiba ko da kin ga ta murmure, kuma kada ki haɗa mata shi da shayi ko madara.